Inshorar abin hawa da ta gida a Bagwai

Inshorar abin hawa da ta gida yarjejeniya ce tsakanin magidanci da kamfanin inshora. Magidanci yana biyan wani adadin kuɗi a shekara, kamfani kuma yana ɗaukar alkawarin biyan diyya idan hatsari ko gobara ko wata asara da aka rubuta a takardar yarjejeniyar ta auku. A Najeriya doka ta wajabta inshorar ɓangare na uku a kan kowane abin hawa mai inji da ke bin titi, amma ba ta wajabta wa mutum yin inshorar gidan da yake zaune a ciki shi da iyalinsa ba. A Ƙaramar Hukumar Bagwai ta Jihar Kano, batun ya fi shafar gidajen da matasa ne ke riƙe da babur ko adaidaita sahu ko motar gida. Da yake hukuma ce ke yanke farashin inshorar dole, abin da ke bambanta wata takarda da wata a wajen irin waɗannan gidaje abu uku ne: ingancin takardar, da ko sharuɗɗanta sun haɗa da matashin da ke tuƙi, da kuma ko kamfanin yana cika alkawari idan asara ta samu.

Bagwai da ababen hawanta

Bagwai tana arewa maso yammacin birnin Kano, kuma tana maƙwabtaka da Bichi da Shanono. Faɗin ƙasarta murabba'in kilomita 405 ne, ƙidayar shekarar 2006 kuma ta nuna tana da mutum 162,847. Daga cikin garuruwanta akwai Kiyawa, Gadanya, Romo, Rimin Dako da Badau. Yanki ne na ƙauyuka kusa da juna, inda ake noma gero da dawa da gyaɗa da wake da damina, sannan a yi noman rani da ruwan madatsar Watari.

Babur shi ne abin hawan da ya fi yawa a yankin. Da shi ake kai taki gona, a kai mara lafiya asibiti, a kai buhu kasuwa. Motocin ɗaukar kaya kuma suna jigilar amfanin gona zuwa Bichi da kasuwar hatsi ta Dawanau da cikin birnin Kano. A gidaje da yawa uba ne ke sayen abin hawan, sau da yawa da kuɗin sa ko na amfanin gonar shekara, ya miƙa wa ɗansa ya riƙa hidimar gida da shi, ko ya yi haya yana kawo balas. Ke nan sunan da ke kan takardu na uba ne, hannun da ke kan sitiyari kuwa na ɗa ne. Daga nan ne mafi yawan matsalolin inshora na irin waɗannan gidaje suke tasowa.

Tarihi da dokoki

Kamfanonin Birtaniya ne suka kawo inshorar zamani Najeriya a zamanin mulkin mallaka. Kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Legas a shekarar 1921. A shekarar 1945 aka yi dokar da ta wajabta inshorar ɓangare na uku a kan motoci. Gwamnatin tarayya ta kafa kamfaninta na NICON a 1969, kuma a 1970 aka kafa kamfanin Leadway a Kaduna, wanda ya soma da inshorar motoci.

A shekarar 1997 aka kafa Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM. Ita ce ke ba kamfanoni lasisi, ta sa ido a kansu, ta kuma karɓi ƙorafin jama'a. Dokar Inshora ta 2003 ta tanadi tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun, ga wanda ya hau titi da abin hawa ba tare da inshorar dole ba. A shekarar 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003, ta kuma ƙara yawan jarin da ake buƙatar kowane kamfani ya mallaka. Tun kafin nan, daga ranar 1 ga Fabrairu 2025, rundunar 'yan sanda ta soma tsananta binciken takardar inshorar dole a faɗin ƙasar, bisa umarnin Sufeto Janar Kayode Egbetokun. Duk da waɗannan dokoki, kuɗin inshorar da ake tarawa a Najeriya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar ba.

Ire-iren inshorar abin hawa

Inshorar abin hawa iri uku ce. Ta farko ita ce ta ɓangare na uku. Mai abin hawa shi ne ɓangare na farko, kamfani na biyu, wanda aka yi wa ɓarna kuma shi ne na uku. Wannan inshora tana biyan diyyar rauni ko mutuwa ko ɓarnar dukiyar da abin hawan ya jawo wa wani. Ba ta gyara abin hawan mai ita, ba ta kuma biyan kuɗin maganin direbansa. Ta biyu ta ƙara da gobara da sata. Ta uku ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa duk waɗannan da gyaran abin hawan mai ita ko da laifinsa ne.

Daga ranar 1 ga Janairu 2023, NAICOM ta sanya sabon farashin inshorar ɓangare na uku na shekara, tare da iyakar abin da kamfani zai biya a kan ɓarnar dukiya:

- Motar gida: naira 15,000, diyya har naira miliyan 3
- Motar da mutum ke ɗaukar kayan kansa: naira 20,000, diyya har naira miliyan 5
- Babbar motar dakon kaya: naira 100,000, diyya har naira miliyan 5
- Adaidaita sahu: naira 5,000, diyya har naira miliyan 2
- Babur: naira 3,000, diyya har naira miliyan 1

Kafin wannan ƙari, kuɗin motar gida naira 5,000 ne, iyakar diyyar kuma naira miliyan 1. Sabon farashin ya haɗa da katin inshora na ƙasashen ECOWAS, tsarin da aka kafa a 1982. Game da cikakkiyar inshora kuwa, hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar abin hawan, bayan an cire duk wani rangwame. Misali, motar da darajarta ta kai naira miliyan 6, kuɗin cikakkiyar inshorarta ba zai gaza naira 300,000 a shekara ba. Wannan ne ya sa mafi yawan masu abin hawa a karkara suke tsayawa a kan ta dole kawai.

Matashin direba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Dalilan da ke jefa sabon direba cikin hatsari sanannu ne: ƙarancin gogewa, gudun wuce sa'a, tuƙin dare, amsa waya a kan hanya, lodin da ya fi ƙarfin abin hawa, da hawa babur ba hular kwano. Akwai kuma wasan ganganci da babura ko motoci da ake yi a lokacin rakiyar amarya.

A ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka, kowane kamfani yana yanke farashinsa ne bisa shekarun direba da tarihin tuƙinsa. Saboda haka kuɗin inshorar iyali yakan yi tsalle da zarar an sa sunan matashi a ciki. Iyalai a can sukan kwatanta farashin kamfanoni a intanet duk shekara, wasu kuma su yarda a maƙala wa motar na'urar da ke lura da yadda yaron yake tuƙi domin a rage musu kuɗi. A Najeriya lamarin ya sha bamban. Kuɗin inshorar dole ɗaya ne ko direban ɗan shekara 19 ne ko ɗan 60. Inda shekarun direba ke yin tasiri shi ne a cikin sharuɗɗan takardar.

Sharaɗi na farko shi ne lasisi. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba damar mallakar lasisin tuƙi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarin lasisin tare da gwamnatocin jihohi. Lasisi kuma aji-aji ne: ajin A na babur ne, ajin B na ƙaramar mota, tuƙin haya kuma yana da nasa ƙarin sharuɗɗan. Takardun inshora sukan ce kariyar ta shafi mai abin hawan da duk wanda ya tuƙa da izininsa, muddin yana da lasisin da ya dace. Idan yaro ɗan shekara 15 ya buge wani da babur ɗin mahaifinsa, kamfani yana da hujjar ƙin ɗaukar nauyin, sai nauyin ya dawo kan gidan.

Sharaɗi na biyu shi ne irin aikin da ake yi da abin hawan. Motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida, idan ɗa ya fita da ita yana ɗaukar fasinja ranar kasuwa, ta fita daga abin da aka yi yarjejeniya a kai. Haka babur ɗin da aka ce na zuwa gona ne alhali acaɓa ake yi da shi. Inshora ta ginu ne a kan faɗin gaskiya, kuma ɓoye wani muhimmin bayani a lokacin cike takarda yana iya rushe yarjejeniyar.

Sharaɗi na uku ya shafi cikakkiyar inshora. A cikinta akwai kason da mai abin hawa yake biya daga aljihunsa a kowace asara kafin kamfani ya cika sauran. Wasu kamfanoni suna ƙara wannan kaso idan direban matashi ne ko bai daɗe da samun lasisi ba, wasu kuma suna taƙaita kariyar ga direbobin da aka rubuta sunayensu kaɗai.

Takardun bogi

Babbar matsalar inshorar dole a Najeriya ita ce takardar bogi. Mutane da yawa ba sa sayen inshora kai tsaye daga kamfani. Sukan ba wani ɗan tsakani kuɗin sabunta takardun mota gaba ɗaya, ya kawo musu su a haɗe, har da wata takarda mai kama da ta inshora. Irin wannan takarda tana iya ɗauke da sunan kamfanin da babu shi, ko sunan kamfani na gaske wanda bai san da ita ba. Mai ita ba zai gane ba sai ranar da ya je neman diyya, ko ranar da jami'in hanya ya duba ta.

Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda kamfanoni ke shigar da duk takardar da suka bayar. Ana iya duba lambar abin hawa a shafin askniid.org, ko a danna *565*11# a kan waya, ko da wayar ba mai intanet ba ce. Idan lambar ba ta fito ba, sai a koma ga kamfanin a nemi bayani. Farashin da ya gaza wanda hukuma ta yanke shi ma alama ce ta cewa takardar ba ta gaske ba ce.

Inshorar gida

Tsohuwar dokar 2003 ta wajabta inshora a kan iri biyu na gine-gine: ginin da ake kan yi mai fiye da hawa biyu, da gine-ginen da jama'a ke shiga, irin su makarantu, asibitoci, ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen haya. Gidan da iyali ke zaune a cikin abinsu ba ya cikin wannan jeri, don haka inshorarsa zaɓi ce.

Asarar da ta fi samun gidaje a yankin ita ce gobara, musamman da hunturu lokacin da ake shigar da garwashi ɗaki, da iskar farkon damina mai yaye kwano, da mamakon ruwan sama mai kayar da katangar ƙasa. Takardar gobara zalla ba ta rufe duka waɗannan ba. Iska da ambaliya suna shiga ne idan an ƙara su a rubuce. Akwai kuma bambanci tsakanin inshorar ginin kansa da ta kayan da ke cikinsa.

Kamfani yana duba abin da aka yi ginin da shi kafin ya yanke farashi, domin gidan bulo da kwano ba ɗaya yake da gidan ƙasa ko ɗaki mai jinka ba. Yana kuma tambayar abin da ake ajiyewa a ciki. Ajiye man fetur a jarkoki a cikin gida, ko don babur ko don sayarwa, yana iya sa kamfani ya ƙi biya idan ba a sanar da shi ba. Hatsin da aka tara don kasuwa kayan ciniki ne, sai an ambace shi daban. Amfanin gona da ke tsaye da dabbobi kuwa suna ƙarƙashin inshorar noma, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarinta a 1987, kuma hukumar NAIC ke gudanarwa. Idan gidan na gado ne da ba a raba ba, ya kamata a fayyace sunan wanda za a yi inshorar da shi da yardar sauran magada, domin doka ba ta yarda mutum ya yi inshorar abin da ba shi da haƙƙi a cikinsa ba.

Adadin da ake rubutawa shi ne kuɗin sake gina gidan, ban da kuɗin fili. Wanda ya rage adadin don ya biya kaɗan, shi ma za a rage masa diyya daidai gwargwado. Misali, idan sake gina gida zai ci naira miliyan 10 amma aka yi masa inshorar miliyan 5, sai gobara ta yi ɓarnar miliyan 2, kamfani miliyan 1 kawai zai biya. Tashin farashin siminti da kwano da motoci tun daga shekarar 2023 ya sa adadin da aka rubuta shekarun baya yakan kasa a yau.

Takaful

Yawancin mutanen Bagwai Musulmi ne, kuma hukuncin inshora a shari'a yana cikin abin da ke hana wasu shiga. A shekarar 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, amma ta halatta inshorar taimakon juna da aka gina a kan sadaukarwa. Wannan ita ake kira takaful. An kafa kamfanin farko irin wannan a Sudan a 1979, Maleshiya kuma ta yi masa doka a 1984. Malamai sukan danganta shi da tsarin aƙila, inda dangi ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure. Yana kuma kama da gudummawar da Hausawa suka saba haɗa wa wanda gobara ta shafa.

A takaful, kuɗin da mahalarta ke zubawa gudummawa ce ga asusu ɗaya. Daga asusun ake biyan wanda asara ta samu, kamfanin kuma yana karɓar ladan gudanarwa a matsayin wakili. Ba a juya kuɗin a harkar da ke da riba ta haram, kuma kwamitin malamai yana sa ido. Idan an samu rara a ƙarshen shekara, ana iya raba wa mahalartan da ba su karɓi diyya ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, daga baya ta ba kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da Salam Takaful lasisi. Takardar abin hawa ta takaful tana cika sharaɗin doka kamar ta sauran kamfanoni, kuma wanda ba Musulmi ba ma yana iya shiga.

Yadda ake kwatantawa

Abin da ake fara dubawa shi ne ko kamfanin yana cikin jerin waɗanda NAICOM ta ba lasisi. Sai a duba ko yana da ofis ko wakili a Kano da za a iya zuwa a same shi, domin mai abin hawa a Gadanya ko Romo ba zai iya bin diyya zuwa Legas ba. Sai kuma a tambayi waɗanda suka taɓa neman diyya a wurinsa, musamman direbobin tasha, yadda ta kaya.

Bayan haka sai a sa takardun kamfanoni biyu ko uku a jere a duba: wa da wa aka yarda su tuƙa, wane aiki aka yarda a yi da abin hawan, nawa ne kason mai abin hawa idan matashi ne ya yi hatsarin, ko fasinja da direba suna cikin kariyar, da kwana nawa aka ba mutum ya kai rahoto. Wanda bai iya karanta takardar ba yana da haƙƙin a yi masa bayaninta kafin ya sa hannu. Dillalin inshora mai rajista yana iya yin wannan kwatance a madadin mutum, shi kuma wakili kamfaninsa kawai yake tallatawa. Haɗa inshorar mota da ta gida a kamfani ɗaya yana sauƙaƙa sabuntawa, amma ba ya rage kuɗin inshorar dole.

Sauya kamfani

Yarjejeniyar inshora ta shekara ɗaya ce, kuma lokacin ƙarewarta ne ya fi dacewa da sauya kamfani. Wanda ya soke cikakkiyar inshora a tsakiyar shekara, abin da za a mayar masa yakan gaza kuɗin watannin da suka rage, kuma idan ya riga ya karɓi diyya a shekarar ba a mayar da komai. Dole sabuwar takarda ta fara aiki a ranar da tsohuwar ta ƙare. Tun watan Janairun 2013 NAICOM take tilasta ƙa'idar cewa kariya ba ta farawa sai kuɗi ya shiga hannun kamfani, don haka alkawarin baki ba ya wadatarwa, sai rasit da takardar shaida.

Wanda ya yi shekaru bai nemi diyya ba yana iya karɓar wasiƙar shaida daga tsohon kamfaninsa ya nemi rangwame da ita a sabon. Wajibi ne kuma ya gaya wa sabon kamfanin duk hatsarin da aka taɓa yi da kuma shekarun waɗanda za su riƙa tuƙi. Idan aka sayar da abin hawa, inshorar ba ta bin sa zuwa hannun mai saye, sai ya yi tasa.

Idan hatsari ya auku

A al'adar yankin, idan yaro ya buge wani, dattawan gidajen biyu sukan zauna a gaban mai unguwa ko dagaci a yi sulhu. Wani lokaci a yafe, wani lokaci a ɗora wa gidan yaron kuɗin asibiti ko na gyara. Takardun inshora kuwa sukan hana mai abin hawa amsa laifi ko yanke kuɗin sulhu ba tare da sanin kamfani ba. Hanyar haɗa biyun ita ce a fara kai wanda ya ji rauni asibiti, a sanar da 'yan sanda a karɓi rahotonsu, a ɗauki hotuna, a sanar da kamfani nan da nan, sannan a zauna sulhu da saninsa. Kamfani zai nemi lasisin direban, takardun abin hawan, ƙiyasin kuɗin gyara da rasit ɗin asibiti. Idan ya ƙi biya ko ya yi ta jan ƙafa, ana iya kai ƙorafi sashen sauraron koke na NAICOM, ko a shigar da ƙara kotu.